Kama da Wane Ba Ta Wane: Matsalar Neman Madadin Albarushi a Gasar Harbin Nesa

Gabatarwa

A tsakiyar shekarar 2018 wata damuwa ta sauka a kan masu gasar harbin nesa na ƙasashen Turai, musamman na Ingila. Nau'o'in albarushin da suka shafe shekaru suna amfani da su, irin su Varget da H4350 na kamfanin Hodgdon na Amurka, sun daina shiga kasuwanninsu, domin kuwa dokar Tarayyar Turai mai kula da sinadarai, wadda ake kira REACH, ta rufe musu ƙofa. A lokacin Ingila ba ta kai ga ficewa daga Tarayyar ba, saboda haka dokar ta hau kanta. A shekarun 2020 da 2021 kuma takwarorinsu na Amurka suka ɗanɗana irin wannan kuɗa, inda albarushi ya yi ƙaranci a shaguna har aka koma wawason duk abin da aka samu. Tambayar da ke bakin kowa a lokutan nan guda ce: wane albarushi ne zai maye gurbin wanda ya ɓace?

Matsayin wannan maƙala shi ne, babu wani albarushi da yake tsayawa daidai a gurbin wani, komai kamanninsu. Duk wanda ya canza albarushi ya koma farkon aiki ke nan, kuma wajibi ne ya sake awo da gwaji tun daga tushe. Mai karatu na iya tambayar ina ruwan ɗalibin sakandare da wasan da ake yi a Ingila da Amurka. Amsar ita ce, da wuya a sami misalin da ya fi wannan fito da bambancin da ke tsakanin zato da awo, wanda kuwa shi ne ginshiƙin kimiyya baki ɗaya. Ya kamata kuma a sani tun daga nan cewa Dokar Makamai ta Nijeriya ta shekarar 1959 ta haramta wa mutum ƙera harsashi ko harhaɗa shi ba da izinin hukuma ba. Abin da ake nema a nan shi ne ilimin da ke cikin al'amarin.

Dalilin Ɗurin Harsashi da Hannu

Harbin nesa tsohon wasa ne a ƙasashen da suka san shi. An fara gasar Palma ta ƙasa da ƙasa a shekarar 1876 a Amurka, kuma har yanzu ana yin ta a tazarar yadi 800 da 900 da 1,000. A Ingila, filin Bisley ne cibiyar wasan tun shekarar 1890. Akwai kuma wani reshe da ake kira ajin F, wanda ya samo sunansa daga wani ɗan Kanada mai suna George Farquharson, inda ake yarda maharbi ya ɗora bindigarsa a kan matokari, ya yi amfani da madubin hangen nesa. A wannan aji, da'irar da ke tsakiyar allon harbi a tazarar yadi 1,000, wato mita 914, faɗinta inci 5 ne kacal, kimanin santimita 13. Ke nan ana neman mutum ya sami abin da bai fi bakin ƙaramin kwano ba daga nisan da ya kusa kilomita guda.

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da ɗan ƙyastun da ke gindin kwanson wanda ke tayar da wuta, da albarushi, sai ƙwayar da ke fita. Yawancin masu gasar ajin F ba sa sayen haɗaɗɗen harsashi daga kamfani. Sukan sayi waɗannan abubuwa huɗu daban-daban su ɗura da hannunsu, a ƙasashen da doka ta yarda da haka. Ɗan lissafi kaɗan zai nuna dalilinsu. Ƙwayar harsashin .308 Winchester, wanda shi ne aka fi sani a wannan wasa, takan bar bakin bindiga da gudun kimanin mita 900 a daƙiƙa guda, ta yi kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ta isa allo. A cikin wannan lokaci ƙasa tana janyo ta, har ta sauko da kimanin mita 9 daga layin da bututun ya nuna. Dokar faɗuwar abubuwa da ake koyarwa a ajin fiziya ta nuna cewa nisan faɗuwa yana tafiya ne da lokaci a ninka shi da kansa. Saboda haka in gudun ƙwaya ya ragu da kashi 1 cikin 100, faɗuwarta za ta ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100, wato wajen santimita 18, wanda ya zarce faɗin da'irar gaba ɗaya. Wannan ne ya sa maharbi yake auna albarushin kowane harsashi, wanda bai wuce kimanin giram 3 ba, a kan sikelin da ke gane bambancin ƙwaya ɗaya tak. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan tsantseni, rana ɗaya aka ce masa albarushinsa ya ƙare, ba abin mamaki ba ne in ya shiga neman hanya mafi kusa.

Abin da ke Faruwa a Cikin Bututu

Albarushin gargajiya, wato baƙin albarushi, an gano shi ne a ƙasar Sin wajen ƙarni na 9, kuma gauraye ne na gawayi da farar wuta da gishirin naitiret. Idan ya ƙone, fiye da rabinsa yakan zama hayaƙi da toka. Albarushin zamani kuwa dabam yake tun daga asali. A shekarar 1846 Christian Schönbein ya bayyana yadda auduga ke zama abu mai saurin cin wuta in aka sarrafa ta da asid, abin da ake kira naitiroselulos. A shekarar 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano yadda za a hore wannan sinadari ya riƙa ƙonewa bisa tsari, ya samar da albarushi marar hayaƙi na farko da sojoji suka karɓa. Alfred Nobel ya biyo baya a shekarar 1887 da wani nau'i wanda ya haɗa da naitirogilisarin. Har yau albarushin bindiga ya kasu bisa waɗannan gidaje biyu: mai tushe ɗaya, da mai tushe biyu.

Wannan albarushi ƙonewa yake yi da matuƙar sauri, yana sakin iskar gas mai zafi wadda ke tura ƙwayar harsashi, kuma duk aikin yakan ƙare a cikin abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Tun a shekarar 1839 Guillaume Piobert ya nuna cewa ƙwayar albarushi daga fatarta take ci, bene-bene, zuwa ciki. Ke nan yawan fuskar da wuta ke iya taɓawa shi ke yanke saurin ƙuna. Duk wadda ta taɓa hura murhu ta san ƙirare sun fi gungume saurin kamawa, ko da itacen ɗaya ne. Ɗalibin ilimin halittu ma ya san wannan ƙa'ida, domin ita ce ta sa bangon ƙaramin hanji yake cike da 'yan tsirarru masu yawan gaske, don abinci ya sami fuska mai faɗi da zai ratsa zuwa cikin jini. Bisa wannan ƙa'ida masu ƙera albarushi suke yanka shi siffa-siffa: wani kamar guntayen tsinke masu rami a tsakiya, wani kamar ƙwayar gero, wani kuma fale-fale kamar ɓawon kifi. Sannan sukan shafe fatarsa da wani sinadari mai rage kaifin wutar farko.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan albarushi da ta sa wasa da shi yake da haɗari. Gwargwadon yadda matsi ya ƙaru a cikin kwanso, gwargwadon yadda ƙunar ke ƙara sauri, ƙarin saurin ƙuna kuma ya sake haifar da ƙarin matsi. Saboda haka ɗan ƙari kaɗan a awo yakan ɗaga matsi fiye da yadda yake ɗaga gudun ƙwaya. Hukumar C.I.P., wadda aka kafa a shekarar 1914 don daidaita gwajin bindigogi a tsakanin ƙasashe, ta ƙayyade iyakar matsin harsashin .308 Winchester a kan bar 4,150. Bar guda daidai yake da kusan nauyin iskar da ke kan ɗan Adam a bakin teku, tayar ƙaramar mota kuwa ba ta wuce bar biyu da 'yan kai ba. Wato matsin da ke cikin wannan ɗan kwanso ya kusa ninka na tayar mota sau 2,000, kuma yana faruwa ne dab da fuskar maharbi.

Jadawalin da ke Ruɗar Mutane

Kamfanoni sukan buga wani jadawali da ke jera nau'o'in albarushi daga mafi saurin ƙuna zuwa mafi jinkiri. Masu saurin na ƙaramar bindigar hannu ne da bindigar harbin tsuntsaye, masu jinkirin kuma na manyan bindigogi masu dogon bututu. Babban kuskuren mai neman madadi shi ne ya duba wannan jadawali, ya ga sunan da ke maƙwabtaka da albarushinsa, ya ɗauka cewa awo ɗaya zai yi musu. Jadawalin jeri ne kawai, kamar jerin sakamakon jarrabawa da aka rubuta na ɗaya da na biyu da na uku ba tare da maki ba. Mai yiwuwa maki ɗaya ne tsakanin na huɗu da na biyar, mai yiwuwa kuma maki ashirin ne. Bugu da ƙari, jadawalin wannan kamfani yakan saɓa wa na wancan, kuma albarushi biyu na iya musayar matsayi in aka canza girman kwanso ko nauyin ƙwaya.

Suna ma yakan yaudari mutum. Akwai H4350, akwai IMR 4350, akwai kuma Accurate 4350: lamba ɗaya, albarushi uku mabambanta, kowanne da nasa awon. Haka nan N140 da N540 na kamfanin Vihtavuori na ƙasar Finlan suna kusa da juna a jadawali, alhali na biyun yana ɗauke da naitirogilisarin, na farkon kuwa babu. A ɗaya gefen kuma, abu ɗaya na iya ɗaukar suna biyu. Varget da H4350 ana yin su ne a masana'antar Mulwala da ke ƙasar Ostareliya, inda ake sayar da su da sunayen AR2208 da AR2209. Hatta gwangwani biyu masu suna ɗaya daga kamfani ɗaya, in zubinsu ya bambanta, sukan ɗan saɓa wa juna, shi ya sa ake buga lambar zubi a jikin kowane gwangwani.

Saurin ƙuna kuwa ɗaya ne kawai daga cikin halayen albarushi. Akwai yawan ƙarfin da ke cikin kowane giram, akwai yadda yake cika kwanso, akwai irin dattin da yake bari, akwai zafin harshen wutarsa wanda ke cinye maƙogwaron bututu sannu a hankali. Sannan akwai yadda yake amsa zafin yanayi. Sanannen abu ne a ilimin sinadarai cewa zafi yana gaggauta haɗuwar sinadarai, dalilin da ya sa nono ke saurin tsami da bazara fiye da lokacin hunturu. Awon da ya zauna lafiya da sanyin safiya yana iya haura iyaka da tsakar rana in harsashi ya sha zafi. Farin jinin Varget ya samo asali ne daga yadda gudunsa ba ya canzawa sosai tsakanin sanyi da zafi, kuma wannan hali ba ya bayyana a jadawalin saurin ƙuna ko kaɗan.

Darasi Daga Bindigar M16

Wanda yake ganin wannan tsoro ya yi yawa, sai ya dubi abin da ya sami rundunar sojan Amurka, wadda ke da injiniyoyi da ɗakunan gwaje-gwaje da kuɗi. An tsara bindigar M16 ne da albarushin IMR 4475 mai siffar tsinke. Da aka ga wahalar samar da shi da yawa bisa ƙa'idar gudu da matsi da sojoji suka gindaya, sai a shekarar 1964 aka amince da wani madadi mai siffar ƙwayar gero, WC 846. A kan takarda madadin ya cika sharaɗi, domin ya ba da gudun da ake so ba tare da haura iyakar matsi a cikin kwanso ba. Abin da ba a ba muhimmanci ba shi ne, wannan bindiga tana amfani da wani kaso na iskar gas ɗin wajen sarrafa kanta. Sabon albarushin ya aika da matsi mai yawa zuwa wannan sashe, ya sa bindigar tana aiki da saurin da ya wuce yadda aka tsara ta, ya kuma bar datti mai yawa. A fagen yaƙin Biyetnam bindigogi suka riƙa cijewa a hannun sojoji ana tsakiyar artabu, aka kuma yi asarar rayuka. Kwamitin majalisar dokokin Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya fitar da rahoto a shekarar 1967, inda ya sanya canjin albarushi a cikin manyan dalilan matsalar, tare da wasu kurakurai irin su ƙarancin kayan goge bindiga. An auna abu biyu an ga sun dace, aka ɗauka sauran ma sun dace. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hanyar da ta Dace

Hanyar da kamfanonin albarushi da ƙwararrun maharba suka yi ittifaƙi a kanta ba ta da wani sirri, haƙuri kawai take bukata. Da farko, mai neman madadi zai ajiye tsohon awonsa gefe guda kamar bai taɓa saninsa ba. Sannan ya nemi littafin awo na kamfanin da ya yi sabon albarushin, wanda aka gina a kan gwajin matsi na haƙiƙa, ya tabbatar akwai bayanin irin harsashinsa da nauyin ƙwayarsa a ciki. In babu, to wannan albarushi ba nasa ba ne. In akwai, sai ya fara daga awon farawa da littafin ya bayar, ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan, yana auna gudun kowace ƙwaya da na'urar auna gudu, ba tare da ya taɓa ƙetare iyakar da aka rubuta ba. Ba zai canza abu biyu a lokaci guda ba, domin in ya canza albarushi da ƙyastu tare, ba zai san wanne ne ya kawo bambancin da ya gani ba. Zai rubuta komai: rana, zafin yanayi, lambar zubi, da sakamako. Ba zai taɓa gauraya albarushi biyu ba, kuma ba zai ajiye gwangwani fiye da ɗaya a kan teburin aiki ba.

Malamin kimiyya zai gane wannan tsari nan take, domin shi ne abin da yake koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje: a canza abu ɗaya, a riƙe sauran yadda suke, a maimaita, a rubuta. Ta wannan hanya masu gasa a Ingila da sauran ƙasashen Turai suka koma ga albarushin da ake yi a nahiyarsu, irin su N140 da N150 na Finlan, da Reload Swiss na ƙasar Suwizalan, da Lovex na ƙasar Cek, gasa kuwa ta ci gaba. Abin da ya ci musu shi ne lokaci da kuɗin gwaji, wanda ya fi ido ko yatsu araha nesa ba kusa ba.

Hujjojin Masu Saɓani

Adalci ne a saurari masu wani ra'ayi. Wasu tsofaffin hannu sukan ce littattafan kamfanoni suna rage awo da gangan don gudun shari'a, kuma su da suka shekara talatin suna wannan aiki sun iya karanta alamun matsi a jikin kwanso: ƙyastu ya baje, ko gindin kwanso ya yi tabo, ko maƙullin bindiga ya yi tauri wajen buɗewa. Gaskiya ne gogewa tana da daraja, kuma gaskiya ne bindigogi sun bambanta. Sai dai waɗannan alamu sun dogara ga taurin tagullar kwanson da irin ƙyastun, kuma sau da yawa ba sa bayyana sai bayan an riga an wuce iyaka. Kamfani kuwa yana auna matsi ne da na'urar lantarki da aka dasa a jikin bututun gwaji, wadda ke ba da adadi. Mai dogaro da alamun kwanso kamar mai jiran ciwon kai ne kafin ya yarda yana da hawan jini, alhali ga na'urar awo a asibiti.

Wasu kuma sukan ce zamani ya zo da manhajojin kwamfuta, irin su QuickLOAD, masu lissafa matsi da gudu kafin a ɗura ko da harsashi ɗaya. Waɗannan manhajoji suna da amfani wajen tace sunayen da ya kamata a duba. Amma lissafinsu kirdado ne da aka gina a kan bayanan wani zubi da wata bindiga, kuma su kansu masu yin su suna gargaɗin kada a ɗauke su a madadin littafin awo. Kwamfuta ba ta san gwangwanin da ke kan teburin mutum ba.

Akwai kuma masu ganin cewa dokar REACH ce ta jawo duk wannan wahala a banza. A nan ma akwai abin dubawa. Daga cikin sinadaran da ake shafe fatar tsofaffin nau'o'in albarushi da su akwai dainaitirotoluwin, wanda ke shiga jiki ta fata da numfashi. Yana iya sauya sinadarin himogulobin na jini ya kasa ɗaukar iskar oksijin, kuma gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna yana haddasa ciwon daji a hanta. Maharbin da ke taɓa 'yan giram kaɗan ba shi ne ya fi shiga haɗari ba. Ma'aikacin masana'anta da ke mu'amala da shi kullum, da ruwa da ƙasar da ke kewaye da masana'antar, su ne abin ji. Dokar da ta tilasta wa kamfanoni neman sinadari mafi aminci ta yi abin da ya kamata, ko da ta takura wa masu wasa na ɗan lokaci.

Abin da ya Shafi Gida

Wannan darasi yana da reshe da ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye. Bindigar toka da mafarauta ke riƙewa, da wadda 'yan bindiga ke bugawa a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, an yi ta ne don baƙin albarushi, wanda matsinsa bai kai ko kusa da na albarushin zamani ba. Duk wanda ya farke harsashin zamani ya juye abin da ke ciki a bindigar toka, don baƙin albarushi ya yanke masa, ya ɗora wa bututun nauyin da ba a ƙera shi don ɗauka ba, kuma ƙarshen abin shi ne bututu ya tarwatse a hannunsa. Idan haka ta faru akan ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa, alhali sababinsa sananne ne, kuma ɗalibin da ya fahimci abin da aka bayyana a sama zai iya yi wa ɗan'uwansa mafarauci bayani kafin a kai ga haka.

Ƙa'idar ba ta tsaya ga bindiga ba. Takin yuriya yana ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, takin NPK 15-15-15 kuwa kashi 15. Manomin da ya rasa NPK ya zuba yuriya kilo da kilo a gindin masara, ya ninka naitirojin sau uku, ya kuma hana shukar sauran sinadarai biyun. Misali mafi ɗaci shi ne na magani. Akwai wani ruwa mai suna furofilin gilaikol da ake narka maganin yara a cikinsa, akwai kuma wani mai suna dayetilin gilaikol. Dukansu ba su da launi, dukansu suna da yauƙi da ɗan zaƙi, sunayensu ma sun yi kama. Na biyun guba ne mai kashe ƙoda. A shekarar 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Nijeriya bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da shi, a tsakanin shekarun 2008 da 2009 kuma wasu 84 suka bi su ta dalilin wani maganin haƙoran jarirai. A duk waɗannan wurare kuskuren iri ɗaya ne da na mai duba jadawalin albarushi: ido ya ga kama, hannu ya zuba, ba a auna ba.

Kammalawa

Ƙarancin kaya ba zai daina aukuwa ba, ko a shagon albarushi, ko a kantin magani, ko a rumbun taki, ko a ɗakin gwaje-gwajen makaranta inda sau da yawa sinadarin da littafi ya ambata ba ya samuwa. Neman madadi ba laifi ba ne, hasali ma da shi ilimi yake ci gaba. Laifin shi ne a ɗauki awon tsohon abu a ɗora wa sabo. Saboda haka ya kamata malaman kimiyya su riƙa tsayawa a duk lokacin da suka musanya wani sinadari da wani a gaban ɗalibai, su bayyana dalilin musanyar, su sa ɗaliban su karanta takardar da ke jikin kwalbar, su sake lissafin awon da kansu, sannan su gwada da ɗan kaɗan kafin su zuba da yawa. Ɗalibin da ya saba da wannan tun yana sakandare, ko likita ya zama, ko malamin gona, ko mai haɗa magunguna, zai riƙa tambayar abin da ke cikin kwalba kafin ya yarda da kamanninta. Magabata sun riga sun taƙaita zancen da suka ce kama da wane ba ta wane.